Yadda Za Ka Gyara Wayar Surukarka a Mataki Shida

Bari in fara da gaskiya: har yau matata ce ke loda mini kati a waya. Amma tun ranar da na kunna rediyo a wayar surukata Gogo bisa kuskure, gidan surukaina da ke Alkalawa ba a kirana sai Injiniya. Bi matakan nan, na ɗaukar maka alkawari kai ma sunanka zai karaɗe unguwa.

1. Karɓi wayar da hannu biyu

Gogo, wadda ta raini matata, ta aiko a taho da ni daga Jimeta. Ɗanta Hamajoɗa, soja ne a Madagali, ya turo saƙon murya bayan sati uku shiru, waya kuwa ta ƙi magana. Ka ɗaure fuska, ka juya wayar gaba da baya, ka ce "Uhm." Likita ma da "uhm" yake cin abinci.

2. Hura mata iska

Sau uku, a ramin da sauti ke fitowa. Ba ya gyara komai, amma tsofaffi na ɗauka tofi ne.

3. Ƙure sauti, ka yi ta dannawa

Sau tara na danna saƙon. Ɗigon da ke kan saƙon yana tafiya, amma ko tari babu.

"Me ya ce?" in ji Gogo.

"Yana gaishe ki."

Kada ka ji tsoro, soja ba ya rasa gaisuwa.

4. Nemo mai laifi

Sabis, ƙura, masu ƙera wayar, duk wanda ba ya ɗakin. Ni zafi na zaɓa.

"Ranar garin nan ce ta busar da muryar, Gogo."

"Shekarata saba'in a Yola, ɗan nan, tawa ba ta bushe ba."

A nan sai ka sha ruwa.

5. Kada ka kula da hayaniyar waje

Za ka ji ana shewa a bakin titi, har masu keke suna tsayawa. Gwani ba ya waiwaye. Sake dannawa.

6. In maƙwabci ya yi sallama, nemi takalminka

Othniel ne, mai shagon cajin waya, yana share hawayen dariya.

"Mama, wayanki yana haɗe da babban sifika na shago. Da safe na haɗa shi in gwada, na manta. Hamajoɗa lafiya lau, ya ce da Sallah zai zo. Sau goma muka ji."

Gogo ta rangaɗa guɗa, ta share ido da gefen mayafi.

"Shi ke nan abin da ya ce?"

Othniel ya kalle ni, ya kalli ƙasa.

"Ya ce sabon wayan nan a ɓoye shi, kar a ba Injiniya. Wai shi ya kashe biyu na farko."

Gogo ta miƙo hannu. Mayar mata kamar yadda ka karɓa, da hannu biyu.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan aka daina zuba masa nama a gidan surukai, ko yaran unguwa suka haddace sunansa, shi ya jiyo. Ban san shi ba, bai san ni ba.

Saƙon daƙiƙa arba'in ne. Talatin a kaina ne.