Turaren Wuta a Ɗaki na Tara

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na kori mutanen otal guda zuwa waje ba, ni kaɗai da ɗan kaskona.

Lokacin ina aikin gwaji a wata ƙungiya mai wayar da kan mata 'yan kasuwa. Aka tura mu taro Maiduguri, ni da shugabarmu Hajiya Falmata, macen da ba ta dariya sai da dalili. Tun a mota ta ce, "Ki yi jawabin gobe da kyau, in sa hannu a takardarki ta zama ma'aikaciya." Jawabin kuwa a kan kiyaye gobara ne. (Eh, na sani.)

Matan Borno ne suka ja min. Duk wadda ta gifta a harabar otal sai ta bar ƙamshi a bayanta, ni kuwa sai warin mota. Kishi ya ci ni. Da la'asar na tafi unguwar Bolori wurin wata mai haɗa turare, na sayo turaren wuta da kasko, na haɗa da laffaya. Ta ce, "Kaɗan ake zubawa, 'yata." A raina na ce rowa ce kawai.

Da safe na roƙi garwashi wurin mai shayin bakin ƙofa, na ɓoye a gwangwani na haye bene kamar ɓarauniya. Na rufe taga, na kashe fanka, na juye garwashin a kasko, na zabga turare cokali uku, na baza laffayar a kan kujera bisa kaskon. Ɗaki ya turnuƙe. Ina tari ina murna.

Akwai wani farin abu manne a silin, na ɗauka fitila ce ta mutu. Ashe hayaƙi yake jira. Ya fasa ihu, ƙararrawar otal ta amsa, ma'aikata suka bi ƙofofi suna bugawa: "Wuta! A fito!" Na fita da gudu na bar komai.

A waje ga wani Alhaji da kumfar aski a rabin fuska, ga wata da takalmi ƙafa ɗaya. Da na yi shiru da na tsira da ɗan mutunci. Ina! Sai na matsa kusa da Hajiya na ɗaga murya: "Wallahi mutane ba su da hankali! Abin da zan yi magana a kai ke nan yau." Har ta gyaɗa kai.

Wata dattijuwa mai shara ta shinshina kafaɗata ta ce, "Baƙuwa, turaren nan mai kyau ne, amma kin cika hannu." Kafin in haɗiye yawu sai ga manaja da kaskona a kan faranti, laffayata a kafaɗarsa da ƙatuwar ƙuna a tsakiya.

"Wace ce a ɗaki na tara?"

Makulli na hannuna, da lambar ɓaro-ɓaro. Kunya ta sa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Hajiya ta ce, "Jawabi yana nan, ƙarfe goma." Na yi shi kuwa, gaban mutanen da na shanya a rana. Tambaya ɗaya aka yi min: a ina na sayi turaren?

A hanyar komawa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kaskon na yafe. Bakin nan ne ya ƙara miki wata shida na gwaji."

Tun daga ranar, idan aka yi ɓarna ana neman mai laifi, ko ba ni ba ce shiru nake yi.