Na-Sani Ya Miƙar da Bishiyar Likita

"Ni fa ko taɓarya na dasa sai ta yi ganye!"

Da wannan Na-Sani, mai kula da lambun gidan Likita, yake karya kumallo kullum. Ni ne direban gidan, shekara shida ina shan cika-bakinsa har kunnena ya yi kanta. Mutum ne, abokina, da ko sannu ka yi masa sai ya ce ai ya sani.

Ana nan sai 'yar Likita ta aiko wa uwarta tsaraba daga ƙasar sanyi: wata 'yar bishiyar ado a tukunya, wai ita mefil. Ganyenta sirara, ja wur, rassanta duk sun zubo ƙasa kamar gashin da aka tsefe. Likita ta ɗauki son duniya ta ɗora mata. Ranar da za ta yi tafiyar wata guda, ta kira Na-Sani baranda.

"Ka dai san zafin garin nan. Ka bar ta a inuwa, ruwa kaɗan-kaɗan. Ga takardar bayaninta. In na dawo na tarar ta lalace, ka tattara ya-naka ya-naka, ka ba ni makullin ɗakin da kake kwana."

"Haba, ranki ya daɗe! Ni za a ba takarda?"

Kafin in dawo daga kai ta filin jirgi, har ya ƙunshe irin tumatir a cikin takardar. Na same shi yana zagaya tukunyar, hannu a baya, sai ka ce shi ne likitan.

"Direba, bishiyar nan ba ta da lafiya. Dubi yadda ta langaɓe. Rashin rana ne."

"Ai inuwa aka ce maka."

"Kai dai riƙe sitiyarinka!"

Ya kinkime ta zuwa tsakar gida, inda ko silifas ka manta sai ka tarar ya narke. Kwana uku ganyen ya bushe ƙayau. Ya ce ƙishirwa ce, ya sakar mata tiyo har tukunyar ta fara wari. Ya ce au, ai 'yar sanyi ce: ya kwashe ƙanƙarar firij ya jibga mata, ya jawo fankar falo ya ƙure mata lamba. Ɗan ganyen da ya rage ya bi iska.

Rassan kuwa suna nan a sunkuye abinsu. Nan fa gogan naka ya hasala. Ya kakkafa sanduna, ya ɗaure kowane reshe sama da igiyar shanya. Da ya kwance, suka koma ƙasa, biyu ma suka karye.

"Ni za ki gwada wa taurin kai?" in ji shi.

Sai ga wani tsiro kore shar ya ɓullo daga gindi, miƙe sambal. Na-Sani ya daka tsalle.

"Ka gani ko? Ga lafiyayyen ya fito!"

Ya ɗauko zarto ya guntule saman nan mai sunkuyo gaba ɗaya, ya watsa a bola.

Ranar da Likita ta dawo, uban iyayin har da riga mai guga.

"Albishirinki, ranki ya daɗe! Majinyaciya kika bar mini, ga ta na miƙar da ita."

Likita ta dubi tukunyar, jakar hannunta ta suɓuce.

"Ina jan ganyen? Ina sunkuyon?"

"Duk na yi maganinsu."

"Bawan Allah, sunkuyon shi ne adon! Haka aka halicce ta. Mai aure ce, kamar mangwaro. Saman da ka sare shi ne bishiyata, wannan koren kuwa gindin banza ne da aka ɗora ta a kai. Yana nan a layin farko na takardar!"

"Ai na sa..." ya fara, sai maganar ta maƙale.

Ta miƙa hannu, ya lalubo makullin ɗaki ya sa mata. Kansa ya sunkuya, kafaɗu suka zubo, hannuwa na reto, idanu suka kaɗa suka yi ja wur. Likita ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa, sannan ta juyo gare ni.

"Direba, matsar da shi inuwa, ruwa kaɗan-kaɗan. Duk gidan nan shi kaɗai ya rage mai kama da bishiyata."