Lemon da Nas Ta Ce a Sha

"...gajiyar kuma ta bi lafiya. Ina babanki? To, madalla. Wai har yanzu ba a kore ki daga makarantar nan ba?"

"Wa zai kore ni, Tsoho? Kai dai ka ji da kanka, da masu kawo gyara suka gudu suka bar ka kana hira da ƙudaje."

Mai Agogo ya yi dariya har haƙoransa shida suka fito gaisuwa. Tun kafin ta yi sallama ya san jikarsa ce, don da kunne yake gane mutane yanzu. Yanar ido ta rufe masa na dama, ta fara lasar na hagu. Shekara arba'in da biyar yana zaune a ɗan shagon nan da hantsaki a hannu da gilashin duba agogo a ido, yau ga shi agogunan mutane sun taru a aljihun tebur, shi kuma sai ba da haƙuri. An taɓa sa masa ranar aikin ido, aka ɗaga saboda sukari ya yi yawa a jininsa. Saura kwana goma sha takwas a sake gwaji, kuma in bai sauka ba za a ƙara ɗagawa. Bai gaya wa kowa ba, amma tsoro yake ji ƙwarai.

Jikar tana koyar da kimiyya a firamare, shi ya sa yake ce mata 'Yar Alli. Ta dire masa leda a kan tebur.

"Ga shi in ji Mama. Gurji ne da gyaɗa."

"Gurji? Akuya ta mai da ni? Irin girkin da za ki riƙa yi mini ke nan in na aure ki? Na fasa."

"Dama wa ya ce yana son ka? Mijin da sai an jiƙa masa burodi."

Ta ja benci za ta zauna, sai ƙafarta ta bugi wani abu a ƙarƙashin tebur, ya ce ƙwal-ƙwal. Ta sunkuya ta jawo. Akwatin lemon kwalba ne, fiye da rabi an shanye.

"Tsoho, wannan na wa?"

"Magani ne. Ki mayar mini da shi a hankali."

"Magani?"

"Nas ce ta rubuta mini da bakinta. Ta ce, 'Baba, ka bar alewa, ka bar biskit, ka bar sukari a shayi. In kwaɗayin zaƙi ya taso maka, ka sha lemo guda ɗaya.' Na ce kullum? Ta ce kullum. Yarinya mai tarbiyya, ba irinki ba. Ita zan aura."

'Yar Alli ta zaro kwalba ɗaya tana jujjuya ta a hannu.

"Kwana nawa kana sha?"

"Sha biyu. Ban tsallake ko rana ɗaya ba. Wata rana ma biyu nake sha, don a samu sauƙi da wuri. Kuma ba kowanne nake saye ba, sai mai hoton lemo a jiki. Baƙin nan ko kyauta ba na karɓa."

"Innalillahi! Tsoho, lemon ɓawo take nufi! Na bishiya, wanda ake ɓarewa!"

"Cewa ta yi in sha."

"To shi lemon ɓawon cin sa ake yi? Ba shan sa ake yi ba?"

Gaskiya ne, ana shan lemo, ana shan mangwaro, ana shan rake. Ya juya maganar nas ɗin a ransa ta kowace fuska, ya ga duk inda ya aje ta tana zama daram. Amma a ce jika ta kayar da kakanta da tsakar rana, a shagonsa? Ina!

"Ke yarinya, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

"Babban da ko ƙofar shago ba ya hangowa? Matambayi ba ya ɓata. Me ya hana ka ce mata wane lemo?"

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Zumar ma an hana ka."

"To ji nan, malamar 'yan majina. Lemo ai lemo ne. Wancan Allah ya sa shi a ɓawo, wannan injin ya matse shi ya sa a kwalba, ya hutar da haƙorana. Ina laifin?"

"Ba ni gilashinka."

Ta maƙala gilashin duba agogo a ido, ya faɗo. Ta sake, ya sake faɗowa. Sai da ya nuna mata yadda ake matse shi da gira yana tsaki, sannan ta kai kwalbar kusa da fuska tana bin ƙananan rubutun da ke bayanta.

"Ruwa. Sukari. Kala. Ƙamshin lemo. Ka ji? Ƙamshi kawai, lemon ko leƙowa bai yi ba. Sukarin kuma in an auna ya kusa ƙaramin cokali goma."

"A akwatin duka?"

"A kwalba ɗaya."

"Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Ni da nake zuba cokali biyu a shayi na ga yana kwantawa a gindin kofi, ina ruwan nan zai ɓoye goma? Ɗaga ki duba, garau yake."

A nan fa son sani ya motsa masa. Shi mutum ne da bai taɓa yarda da abu ba sai ya buɗe cikinsa. Rediyon gidansu na farko kwana biyu ya yi ya farke shi don ya ga inda mai maganar yake zaune.

"Ana iya buɗe cikinsa a gani?" ya tambaya.

"Ana iyawa. Ina rishon shayinka? Mu tafasa shi, ruwan ya tashi, mu ga abin da zai rage."

"Kin ji ki! In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa..."

Bai ƙarasa ba. Yau karin maganar ta zo kusa da gida. 'Yar Alli ta lura, ta yi kamar ba ta ji ba, ta shiga kiciniyar kunna risho. Ta juye kwalba ɗaya a ƙaramar tukunya. Ya jawo kujera, ya kai hancinsa kusa.

"Shi na ɓawon ba sukari a cikinsa?"

"Akwai, amma kaɗan ne, kuma yana tare da tsokarsa, a hankali yake shiga jini. Guda ɗaya aka ce maka, ba kwando ba."

"To in ƙishi ya kama ni?"

"Ruwa."

"Ruwa zalla? Kamar ɗan kurkuku?"

"Ka yanka gurji a ciki, ko ka matsa lemon tsami. In bakinka na neman aiki, ga gyaɗa nan."

"Da wane haƙorin?"

"Sai a daka maka. Ai jarirai ma ana yi musu."

"Na sake ki, saki uku."

"Na gode Allah. Dama gadon agogunan da suka mutu zan ci."

Ruwan ya yi ta ɓararraka yana raguwa. Ƙamshin lemon ya gudu, wani ƙauri mai nauyi ya maye gurbinsa. Da ta sauke, abin da ya rage a gindin tukunyar wani kakkauran abu ne mai duhu, yana kumfa a hankali. Ya ce ta bari ya huce. Sai ya ɗauki hantsakinsa ya tsoma, ya ɗaga, abin ya biyo shi yana zare. Ya shafa a yatsu biyu, yatsun suka manne. Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska.

"Duk wannan daga kwalba ɗaya?"

"Gani ya kori ji."

"An taɓa kawo mini agogon da ya faɗa a shayi," ya ce a hankali. "Haka na tarar da cikinsa. Duk 'yan haƙoran sun manne, ba mai motsi." Ya sake matsa yatsun. "Kwana sha biyu ina ɗura wa kaina wannan, ina jin daɗi wai ina bin dokar asibiti."

'Yar Alli ta jiƙa tsumma ta goge masa yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Saura kwana sha takwas, Kaka. Gobe kafin in tafi makaranta mu je mu gaya wa nas ɗin, ta duba jinin, ta gaya mana abin yi."

"Ta yi mini dariya?"

"Ai dole. Ni ma sai na ba 'yan ajina labari."

"Muguwa. Jinin kakarki ne a jikinki, ita ma ba ta taɓa bari na ci gardama ba." Ya yi 'yar dariya, ya share ido da bakin hannun riga. "To, yau kin kayar da ni. Jawo aljihun can na ƙasa, akwai wani ƙyalle a ƙulle."

Ta kwance ƙyallen. Ƙaramin agogon mata ne mai siririn madauri, irin wanda ake murɗa wa kai.

"Na kakarki ne. Tun da ta rasu nake murɗa shi kowace safiya. Bara ya tsaya, na buɗe shi, na kasa ganin komai. Na ba ki."

Ta kai shi kunne, ta girgiza. Ta so ta yi dariya, hawaye ya riga ta.

"Kai Tsoho, rowa dai ba ta barin ka. Sai da ya mutu za ka ba ni?"

"Wa ya ce miki ya mutu? Ranar da aka kwance mini bandeji ki zo da shi. Idona yake jira."