Ranar da Na Mayar da Dodo Gurbinsa

Ba zan taɓa mantawa da daminata ta farko a aikin malanta ba, a wani ƙauye kusa da Guri, lokacin da aka fara kashe naira. Na fito daga kwalejin malamai kaina a kumbure, ga gajeren wando ga dogon Turanci.

A darasin tatsuniya na shaida wa 'yan aji shida cewa kowace al'umma daga abin da take tsoro take ƙera dodonta. Turawa na tsoron injinansu, shi ya sa dodannin silimarsu na ƙarfe ne (sau biyu tak na shiga silima a Kano, amma ka rantse ni na gina ta). Mu kuwa ruwa ke cin mu, sai muka zaunar da Dodo a gurbi mai zurfi na bayan gari. Na daki allo na ce, "Babu komai a gurbin nan sai tsoron kakanninku!"

Har gobe ina ganin bayanin daidai ne. Aikin da Dodon yake yi ne ban tambaya ba.

Washegari da hantsi sai ga Sarkin Ruwa, shugaban masuntan garin, rigarsa sharkaf, ya taso ɗalibaina uku a gaba daga gurbin nan, ɗaya yana ta aman ruwa. Makaranta ta fito kaf.

"Wane ne malamin da ya kori Dodo?"

Yara suka juyo gare ni. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige.

Bai ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ciwo. "Malam, duk mun san babu shi. Na fi kowa sani, don ni ke nutso in ɗauko gawa. Amma gaya wa yaro ruwa na juyi a ƙasa mana, cewa zai yi shi gwani ne. Shekara bakwai ban ɗauko ɗan kowa a gurbin nan ba. Yau saura ƙiris."

Hedimasta ya dube ni, ya nuna benci. Na hau na ce, "Yara, an sake bincike. Dodo yana nan."

Ban daina koyar da darasin ba har na yi ritaya. Sai dai da rani nake yin sa, bayan ruwa ya janye.