Injiniya O-Uku da Masarar Keziya

Duk Samaru, daga bakin kasuwa har hanyar Bomo, babu wanda ya san kwamfuta kamar Injiniya Dalhatu. Shi da kansa ya faɗa, mu kuwa su wa da za mu musa. Kwamfuta huɗu ce a shagonsa, biyu na aiki, ga katin shaida rataye a wuya wanda shi ya buga, shi ya sa hannu.

Gama-garin mutane sukan sayo manhaja a faifai daga Sabon Gari, su ɗora, su kama harkar gabansu. Injiniya ba ya cin girkin wani. Ɗanyen rubutun manhajar yake saukewa, ya gina abarsa. A wajen ginin akwai matakan matsewa don ƙarin sauri, O1, O2 da O3, kamar jan fatar ganga. Masu manhajar sun rubuta ƙarara cewa a tsaya a na biyu, na uku yakan kawo ɓarna.

"Biyu ta matsorata ce," in ji Injiniya. Daga nan ɗalibai suka raɗa masa O-Uku, shi kuma ya ɗauka sarauta ce.

Wata Talata a 2006 Keziya ta shigo, ɗalibar aikin gona 'yar ajin ƙarshe. Damina guda ta yi tana auna masara a wata gona a Bomo. Lissafin awon kawai ya rage, kuma dole ta miƙa kundinta ran Juma'a da sha biyun rana, in ba haka ba sai baɗi.

"Yallaɓai, aikin rabin awa ne," ta ce.

"Ƙanwata, manhajar lissafin nan daƙiƙa uku take ɗauka kafin ta ba da amsa. Uku. Ba a shagona ba."

Ya goge ta, ya kama sabon gini. Ya sa O3, ya ƙara wani umarni da ke hana kwamfuta ɓata lokaci wajen tantance lissafi. Ran Laraba aka ɗauke wuta, aka koma farko. Ran Alhamis Keziya ta wuni a benci, Injiniya na nuna mata rubutu yana gudu a allo yana cewa, "Kin ga ilimi."

Da safiyar Juma'a aka gama. Ya danna, amsa ta fito cikin daƙiƙa biyu cif. Gonar Keziya ta ba da buhu bakwai ƙasa da sifili.

"Amma dai kin ga sauri," in ji shi.

Sauri ya haifi nawa. Keziya ta zare faifan fulofin da awonta ke ciki, ta hau acaɓa sai Sabon Gari, shagon Madam Josephine mai buga katin biki. Tsohuwar kwamfuta ce a wurin, wadda Injiniya ya rabu da ita bara don ta yi masa nawa. Kwamfutar ta yi nishi, ta ba da amsa daidai. Saura minti goma kundi ya shiga ofis.

Washegari Keziya ta tarar da Injiniya yana yi wa jama'a bayani cewa matsewar ce ba ta kai ba, yanzu O9 ya rubuta. Ba wanda ya gaya masa matakan a uku suka ƙare. Ta ajiye masa gasasshiyar masara a kan tebur.

"Yallaɓai, daga gonar nan ce da kwamfutarka ta ce babu komai."

Injiniya ya cinye ta tas, cikin sauri.