Maganin Nano Mai Man Shanu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kare ya tona mini asiri a Bakura ba.

Na daɗe ina aiki a wani ƙaramin asibitin dabbobi a Talata Mafara, mafarauta suna ce mini Likita (takardata ba ta kai nan ba, amma ban taɓa gyara musu ba). Sai ga Hanatu, wadda ni na koya wa riƙe sirinji, ta dawo daga jami'a da maganin shafawa: darbejiya da bagaruwa, an mayar da su ƙanana ƙwarai har ido ba ya gani, wai nano, suna ratsa gyambo su kashe cuta. Karnuka suka yi ta warkewa, sunan Likita ya koma kanta. Hassada ta hana ni sakat.

Na ce darbejiyar da ke ƙofar gidana? Na daka, na tace da ɗankwalin matata, na kwaɓa da man shanu don ya yi santsi irin nata.

Baba Ɗanjuma, wani mafarauci daga Maradun, ya kawo karensa Duna da ƙafa a ruɓe. Da karen nan yake neman abincin gidansa. Hanatu ba ta nan, na miƙa masa nawa.

Da aka tara mafarauta a Bakura don Hanatu ta yi bayani, na hango Duna ya warke sarai. Na miƙe cikin farar rigata, na ce ga shaidar nawa nanon. Ban rufe baki ba karen ya rugo, ya cusa baki cikin aljihun da kwalbar maganina take, yana tanɗe ni.

"Haka shika yi kullum, Likita," in ji Baba Ɗanjuma. "In na shafa mashi sai shi lashe tas, gyambo na ƙara ci. Sai da na kai ma ɗiyarga."

Kowa ya fashe da dariya ban da Hanatu. Ta miƙo mini hankici ta ce, "Oga, goge." Da ma ta yi dariyar, da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar na gane in hassada za ta sa ka yin magani, to kada ka yi wanda majinyaci zai cinye.