Farin Ƙyallen da Ya Ƙi Jiƙa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Litinin ba, ko da kuwa zan manta ranar da na tare. Bayan soja sun koma bariki ne 'yata ta fari (ba na kama sunanta, ku dai ce Dakta) ta dawo daga karatu, aka ba ta sababbin ɗaliban injiniya ta koya musu wani abu wai shi nano. Ta ce min ilimin ƙananan abubuwa ne, waɗanda silin gashi a wajensu kamar dutsen Dala yake. Yaran kuwa barci suke yi mata. Shugaban sashenta ya ce in wannan zangon ma haka ne, za a soke darasin.

Ni ban yi boko ba, amma duk unguwarmu Mandawari an san ba na ganin ƙazanta in ƙyale. Ran Lahadi ina kakkaɓe ɗakinta na ga wani farin ƙyalle a cikin leda. Na tsoma a ruwa, ya fito a bushe. Na ce lallai maiƙo ya yi masa katutu. Na sa sabulun salo, na ƙara toka, na dirje shi tun hantsi har azahar, sai da ya sha ruwa. Na shanya, na ninke, na mayar. (Har ina jin haushi ba ta gode min ba.)

Kashegari ta ce in raka ta in ga ajinta. Na zauna can baya ina hararar masu hamma. Ta ɗaga ƙyallen, ta ce an shafe shi da ƙwayoyin da ido ba ya gani, ba abin da zai jiƙa shi. Ta tuttula masa zoɓo.

Ya shanye tas. Ja wur.

Aji ya kwashe da dariya. Wani dogo ya ce, "Malama, ko nanon ma ya shiga yajin aiki ne?"

Na miƙe. "Kai, rufe min baki! Ni na wanke shi."

"Inna! Da me?"

"Da toka."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Dakta ta jujjuya ƙyallen, sai ta ce, "Ina kika riƙe da kike dirzawa?" Na nuna mata kusurwar. Ta ɗiga zoɓo a wurin. Ya dunƙule kamar 'ya'yan carbi, ya gangara ƙasa, ko tabo babu.

Sai ga yara sun taso har da ture benci. Dogon nan ne a gaba: "Hajiya, me tokar ta kankare, tunda ba a ganinsa?" Na ce, "Ga malamarka nan, tambaye ta." Lokaci ya ƙare, ba wanda ya nufi ƙofa.

Ba a soke darasin ba. Yanzu duk shekara Dakta na kawo min sabon ƙyalle in dirje mata rabi. Na dai koyi yin tambaya kafin in ɗauko toka. Amma ɗakinta, har gobe ni ke kakkaɓewa.